Labarin Hannu da Ƙafa a Asibitocin Kutare

A cikin wannan littafin Jubili an ba da labarin makarantu da majami'u da fassarar Littafi Mai Tsarki. Mu kuwa an ba mu labarin aikin kutare. Za mu bi shi ta wajen hannu da ƙafa, gama a nan ne cutar ta ke yin ɓarnarta, a nan ne kuma likitoci suka daɗe ba su gane ta ba.

Kowa ya san abin da a kan ce: wai kuturta tana cin yatsu. Haka kakanninmu suka ɗauka, haka kuma likitocin Turai suka ɗauka shekaru da yawa. A shekara ta 1873 wani likita na ƙasar Norway, sunansa Hansen, ya ga ƙwayar cutar a madubin likita. Daga nan aka san ba gado ba ce, ba sammu ba, ba kuwa la'ana ba. Amma sanin ƙwayar bai kawo magani ba. Abin da a ke da shi sai man wani itace na Indiya, a kan yi allurarsa a fata, da zafi ƙwarai, amfaninsa kuwa kaɗan.

Da wannan mai ne aka fara aiki a ƙasar Hausa. Church of the Brethren sun buɗe zangon kutare a Garkiɗa a 1929. Sa'an nan a wajen 1937 Gwamnati da En'e suka danƙa wa Sudan Interior Mission zangunan kutare na Lardin Kano da Katsina da Sakkwato, watau Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Dokta Albert Helser, wanda ya yi aiki a Garkiɗa dā, yana cikin shugabannin wannan aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a zamanin nan ba a cika barin Turawan Mishan su zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi ba. Ƙofar da aka buɗe ta kutare ce, mutane da yawa cikin masu bi na farko a waɗannan larduna ta nan suka shigo. Wasu cikin masu karanta wannan takarda jikokinsu ne. Ku duba sunan nan Yadakunya, ku raba shi: ya da kunya. A ƙasar Nijar kuma an buɗe asibitin kutare a Danja, kusa da Maraɗi, a 1956.

Magani na gaskiya ya zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Uzuakoli, can ƙasar Ibo, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dapson, wadda a ke haɗiya, tana kashe cutar, ga ta kuwa da araha. Cikin shekarun 1950 aka baza ƙananan wuraren ba da ƙwaya a ƙauyukan Jihar Arewa, mutum ya karɓi maganinsa ya koma gonarsa. Murna ta yi yawa. Amma fa sai aka ga abin mamaki: an gwada mutum, ba sauran ƙwayar cuta a jikinsa, an sallame shi da takarda, bayan shekara biyu ya komo da gyambo a tafin ƙafa, yatsunsa kuma sun ƙara gajarta. In cutar ta mutu, me ke cin yatsun?

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya shi ne Dokta Paul Brand, ɗan masu aikin bishara, haifaffen Indiya, wanda ya fara aiki a asibitin Vellore a 1946. Ga abin da ya bayyana. A jikin mutum akwai jijiyoyi farare kamar zare, ba na jini ba, su ne ke kai labari daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, su kuma kawo umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Ƙwayar kuturta tana son wuri mai sanyi-sanyi, saboda haka ta kan zauna cikin jijiya a inda jijiyar ta matso kusa da fata. Abin takaici, waɗannan wurare su ne ƙuntatattu, inda jijiya ta ke ratsawa tsakanin ƙashi da tauri. In ta kumbura ba ta da wurin buɗawa. Sai ta matsu, jini ya kasa kai mata, ta mutu a hankali.

Kuna iya taɓa wuraren nan a jikinku. Na ɗaya yana bayan gwiwar hannu, inda in ka buge sai ka ji kamar minjirya ta kama ka har ɗan ƙaramin yatsa. In wannan jijiya ta lalace, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su kan lanƙwashe, su daina ji. Na biyu yana wuyan hannu; in ta mutu babban yatsa ba ya iya juyowa ya sadu da sauran, mutum ba ya ɗaukar allura ko kwabo. Na uku yana gefen gwiwar ƙafa ta waje. In ta mutu ƙafa ta kan saki, mutum ya riƙa jan yatsunsa a ƙasa ko ya ɗaga gwiwa sama kamar mai hawan matakala. Na huɗu yana bayan idon sawu ta ciki, shi ne mafi mugunta, gama shi ke riƙe da jin tafin ƙafa. Jijiyoyin nan su ne kuma ke sa gumi, don haka in sun mutu fata ta kan bushe ta tsage.

To, ku yi tunanin manomi wanda hannunsa ba ya ji. Ƙotar fartanya ta yi masa bororo, bai sani ba, ya ci gaba da noma har yamma. Mace ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba ta ji ƙuna ba. Ƙaya ta shiga tafin ƙafa, mutum ya yi tafiyar mil biyar a kanta zuwa kasuwa. Miki ya ruɓe, ruɓa ta kai ƙashi, ƙashi ya narke kaɗan kaɗan. Dokta Brand ya tarar har ɓeraye su kan gaigayi yatsun marasa lafiya da dare ba su farka ba, sai ya sa a riƙa sallamar mutane da kyanwa. Wannan ya kan ba mutane dariya, amma ya ceci yatsu. Ashe zafin nan da kowa ke gudu shi ne mai gadin jiki.

Daga nan aikin asibiti ya sake kama. Baduku ya zama abokin aikin likita, yana ɗinka takalmi mai taushin ciki, mai ƙarfin ƙasa, ba ƙusa ko ɗaya. Aka koya wa marasa lafiya su jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwa kowace rana, su goge kanta, su shafa mai, su duba tafin ƙafarsu da ido tun da ba za ta faɗa musu kome ba. Masu fiɗa kuma suka koyi ɗauko igiyar tsoka mai rai su karkata ta zuwa inda ta mutu, har lanƙwasassun yatsu su miƙe, sakakkiyar ƙafa ta ɗagu. Wani lokaci su kan tsaga ƙuntataccen wurin domin jijiya ta sami sarari. A 1965 aka kafa makarantar ALERT a Addis Ababa domin koya wa ma'aikatan Afirka wannan aiki. A ganinmu, cikin dukan waɗannan, takalmin ne ya fi ceton mutane, ko da ya ke ba shi ne a kan ɗauki hotonsa ba.

Da ƙwayar cutar ta fara ƙin jin dapson, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a haɗa magunguna uku: rifamfisin, kulofazimin da dapson. Wata 6 ko wata 12 a ke sha, tun 1995 kuwa kyauta a ke bayarwa a ko'ina. Wanda ya fara sha ya daina baza cutar. Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa yanzu suna hannun gwamnatocin jihohi. 'Yan'uwanmu na Zangon Kwatano da unguwar Avotrou kuma su sani, a ƙasar Binin akwai asibiti a Pobè mai sunan Raoul Follereau, Bafaranshen nan da ya kafa Ranar Kutare ta Duniya a 1954, ana duba wannan cuta a can.

Duk da haka a 2019 an sami sababbin masu cutar wajen 200,000 a duniya, da yawa kuwa sun zo bayan jijiya ta riga ta mutu. Magunguna ukun nan suna kashe ƙwayar cuta, ba su ta da jijiya. Amma in rauni ko rashin ji bai wuce wata 6 ba, akwai ƙwayar da ke saukar da kumburi, firednisolon, sau da yawa ji ya kan komo. Saboda haka in wani a gidanku ko cikin ikilisiya yana da tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, ku sa ya rufe ido ku taɓa wurin da auduga. In bai ji ba, ko gwiwar hannunsa tana zogi, ko takalmi yana sulluɓe masa bai sani ba, ku kai shi asibiti cikin makon nan. Masu ciwon sukari ma ƙafarsu ta kan mutu haka, su ma su riƙa duba tafin ƙafa kowane dare kafin su kwanta.