Gilashin Manne Mai Taushi da Masu Nutso a Tafkin Kainji: Nazari daga Ngaski

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda likitan ido ke auna wa mai nutso gilashin manne mai taushi, wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, ta kuma gwada ka'idojinsa da yanayin ruwan Kainji. Hujjarta ita ce shawarar da aka gina a kan ruwan teku ba ta wadatar wa mai nutso a Wara da ke Ngaski ba.

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Sarkawa da Gungawa da sauran mazauna gaɓar tafkin ke rayuwa da ruwa mai zurfi. A watan Mayun 2021, lokacin da jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara da fasinjoji fiye da ɗari, gwanayen ruwa na gari na cikin waɗanda suka yi ta tsamo gawawwaki. Idan za a horar da irin waɗannan bayin Allah su riƙa nutso da tukunyar iska a baya, dole a yi maganar idanunsu.

Yadda ake aunawa

Otto Wichterle ne ya fara ƙera gilashin mai taushi a 1961, kuma irin wannan gilashin aka fi so ga mai nutso saboda dalili na zahiri. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar sararin sama ɗaya, sai naitirojin ya narke a jiki har da hawaye. In mutum ya taso, iskar na iya taruwa ƙumfa-ƙumfa a ƙarƙashin gilashi mai tauri, gani ya dushe. Mai taushi bai cika kawo wannan ba.

Likita kan auna lanƙwasar koniya, wato farfajiyar nan mai haske da ke gaban baƙin ido, ya zaɓi gilashin da lanƙwasarsa ke tsakanin milimita 8.3 da 9.0, faɗinsa kuma wajen milimita 14. Sai ya ɗora, ya ce a ƙifta, ya duba da fitilar gwaji ko yana ɗan motsi. In ya yi sako-sako, ruwa zai wanke shi da zarar ya shiga takunkumin nutso. In ya matse, hawaye ba za su zagaya a ƙarƙashinsa ba.

Matsalar ruwan daɗi

A nan ne gizo ke saƙa. Ruwan da ba gishiri yakan sa gilashin ya like wa ido, don haka wanda ya fito ya fizge shi nan take zai iya ƙarje koniya. Kamata ya yi ya ɗiga ruwan gishiri na asibiti, ya jira ya saki. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ƙwayar Acanthamoeba da ke zaune a ruwan daɗi da laka. Gilashi mai taushi kan riƙe ta a kan ido, ta haddasa gyambo mai tsananin zafi da wuyar magani, wanda kan kai ga makanta. Ruwan Kainji kuwa kan yi kauri da laka lokacin ambaliyar damina, kafin ruwan da ya taso daga Gini ya iso da hunturu ya ɗan washe. Ga nisa kuma: masuncin da idonsa ya yi ja a Wara yana da doguwar tafiya kafin ya kai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Saboda haka a ganinmu takunkumin nutso mai gilashin da aka yanka daidai da ganin mutum shi ya fi dacewa da Ngaski, tunda babu abin da ke taɓa ƙwayar ido. Wanda ba makawa sai gilashin manne, a ba shi na yini ɗaya, ya runtse ido yayin fitar da ruwa daga takunkumi, ya yar da shi bayan ya fito, kuma in ido ya kwana da zafi ya nufi asibiti washegari.