Abinci da magani a tarihin ƙasar Gwandu

Tun daga farkon ƙarni na 19, lokacin da Gwandu ta zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma cibiyar yammacin Daular Usmaniyya, malaman jihadi suka ɗauki kiwon lafiyar jiki a matsayin reshen ilimin addini, har ɗan wan Malam Abdullahi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya keɓe wa filasko rubutu na musamman saboda amfaninsa wajen sassauta ciki. Binciken zamani ya gano cewa ganyen yana ɗauke da sinadaran sanosaid, waɗanda ke motsa babban hanji ya fitar da abin da ya cushe, shi ya sa yawan shansa ke kawo murɗar ciki.

Sai dai mafi yawan wannan ilimi a madafa ya rayu, a hannun matan Gwandu da Kalgo waɗanda ke dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, su cire ɓawonta, su rufe ta da ganye kwana biyu ko uku har ta yi yauƙi da ƙarfin wari, ta zama daddawa. A wannan rufin ne ƙananan halittu ke narkar da furotin ɗin ƙwayar, abin da ke sa daddawa ta zama madadin nama ga gidan da bai da halin saye. Zoɓorodo kuwa, jan launinsa daga antosayanin yake, kuma gwaje-gwajen likitoci sun nuna yana ɗan rage hawan jini, ko da yake sukarin da masu sayarwa ke zubawa a yau yana rage wannan fa'ida.