Iyalan 'Yan Asalin Latin Amurka da Taƙaddamar Iyakokin Makarantu a Amurka

A mafi yawan garuruwan Amurka, adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga. Hukumar makarantu ta gunduma, wadda galibi zaɓen mambobinta ake yi, ita ke shata iyaka a taswira, ta ce 'ya'yan wannan layi su tafi nan, na wancan su tafi can. Da yake unguwanni sun rabu bisa launin fata da ƙarfin aljihu, wanda ya riƙe alƙalamin shata iyakar yana iya ware yara ba tare da ya ambaci ƙabilar kowa ba. Iyalai masu jin Sifaniyanci, musamman 'yan asalin Meziko, sun kusa shekara ɗari suna jayayya da hukumomi a kan wannan.

Da farko ma ba a ɓoye wariyar. A watan Janairun 1931, a Lemon Grove kusa da San Diego, shugaban makaranta ya tare 'ya'yan 'yan Meziko a ƙofa, ya tura su wani gini na katako da iyayen suka laƙaba wa suna bargar dawaki. Iyayen suka hana yaran zuwa, suka kafa kwamitin unguwa, suka kai ƙara, kotu kuma ta ba su gaskiya a shekarar. A 1945 iyalai biyar a Kalifoniya, ciki har da na Gonzalo Mendez, suka shigar da ƙara kan irin wannan wariya, suka ci a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947.

A wancan zamani doka tana lissafa 'yan asalin Meziko cikin fararen fata, lauyoyinsu kuma da wannan suke kafa hujja: tunda mu farare ne, ba dalilin ware mu. Hujjar ta yi aiki har zuwa lokacin da reshe ya juye da mujiya. Bayan hukuncin Brown na 1954 ya haramta ware baƙaƙe a makarantu, wasu hukumomin jihar Texas suka gano dabara: a haɗa makarantar baƙaƙe da ta 'yan Meziko, a rubuta cewa an cuɗanya baƙi da fari, makarantun Turawa kuwa ba a taɓa su ba. Talaka aka kai wa talaka.

A Houston abin ya fi tsami. A 1970 tsarin da kotu ta amince da shi ya haɗa makarantun firamare ta wannan hanya. Iyaye suka taru a ƙarƙashin wata majalisar ilimi ta 'yan asalin Meziko, suka janye dubban yara daga aji, suka buɗe azuzuwan wucin gadi a coci-coci da zaurukan unguwa, inda 'yan sa-kai suke koyarwa. Sunan da suka sa musu shi ne makarantun huelga, wato yajin aiki da Sifaniyanci. Buƙatarsu ta saɓa da ta magabatansu: yanzu so suke hukuma ta yarda cewa su tsiraru ne masu zaman kansu. A shekarar dai, a shari'ar Cisneros ta garin Corpus Christi, alƙali Woodrow Seals ya yanke hakan.

Kotun Ƙoli ta zo kan batun a 1973, a shari'ar Keyes ta birnin Denver, inda aka nuna hukumar ta yi ta karkata iyakoki a unguwar Park Hill. Kotun ta ce 'yan Latin da baƙaƙe cuta ɗaya ake yi musu, don haka tara su wuri guda ba cuɗanya ba ce. Daga nan Denver ta shiga jigilar ɗalibai a bas-bas tsakanin unguwanni har 1995. Ba duka iyalan 'yan Latin ne suka yi murna da jigilar ba. Da yawa sun fi damuwa da samun makarantar kusa da gida mai koyarwa da harsuna biyu.

Yau 'ya'yan waɗannan iyalai sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban makarantun gwamnati a ƙasar. Kotuna sun ja baya, muhawarar ta koma zauren taron hukumar gunduma, inda ake ba kowa 'yan mintuna ya yi magana. A nan ƙorafin da aka fi ji shi ne na lokacin taro da ya ci karo da aikin dare, da rashin tafinta, da tsoron da marasa takardun zama ke yi na tsayawa gaban jami'ai su faɗi sunansu, duk da cewa hukuncin Plyler na 1982 ya ba 'ya'yansu haƙƙin shiga makaranta.