Alamomi da rigar shafin imel: Yadda suke aiki

Ɗan kasuwar shinkafa ko riɗi a Haɗejia da ma'aikacin gwamnati a Dutse, duk wanda ya buɗe akwatin imel ɗinsa ta burauza, ƙananan hotuna ne ke fara yi masa jagora: ambulan, kwandon shara, ƙugiyar takarda mai nuna an liƙa fayil. Waɗannan alamomi ba a cikin saƙon suke ba. Manhajar imel ce ke zaɓo su daga wani rukuni, ta jera su bisa tsarin da aka shirya mata.

Sassa uku

Manhajar imel ta burauza tana raba aikin nuni gida uku. Na farko shi ne ƙirar shafi, wadda ke fayyace inda jerin saƙonni da maɓallai za su zauna. Na biyu rukunin alamomi ne, wato tarin hotuna masu salo ɗaya da ake iya musanyawa ba tare da an taɓa saƙo ko ɗaya ba. Na uku su ne ƙananan umarnin da ke yi wa ƙirar hidima: su ne ke nemo alamar da ta dace, su rubuta kwanan wata da girman fayil yadda mutum zai karanta.

A SquirrelMail, wadda Nathan da Luke Ehresman suka fara a 1999 da harshen PHP, mataimakin alama yana fara dubawa a rukunin da mai amfani ya zaɓa. Idan bai samu ba sai ya koma rukunin asali, idan kuwa an kashe hotuna sai ya sa rubutu a madadinsu. Wannan dabara tana da amfani a yankuna irin su Auyo da Kirikasamma da Guri, inda sadarwa kan yi rauni: ko hoto ya ƙi buɗewa, rubutun da ke bayansa zai nuna wane maɓalli ne na gogewa, wane ne na amsawa. Wannan rubutun ne kuma manhajar makafi ke karanta musu da murya.

Daga kwamfuta zuwa waya

Roundcube, wadda Thomas Brüderli ya ƙirƙiro a 2005, ita ce kamfanonin ajiye shafukan intanet da dama ke bai wa abokan cinikinsu a yau. Rigarta mai suna Larry ta zo a 2012, an kuma tsara ta domin allon kwamfuta. A 2019 aka fito da Elastic, wadda ke miƙewa ko tsukewa daidai da faɗin allo. Alamominta ba hotuna ba ne ɗaya-ɗaya, an zana su ne tamkar haruffa a fayil guda, don haka ba sa dushewa idan an ƙara musu girma. Ga ɗan kasuwar da wayarsa ce ofishinsa, wannan sauyi ba ƙarami ba ne.

Inda haɗarin yake

Mataimakan nuni suna da wani aiki mafi nauyi: tace abin da ya shigo daga waje kafin a nuna shi. Su ne ke tabbatar da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai ta tsarin UTF-8, su ne kuma ke hana umarnin da aka ɓoye a cikin saƙo yin aiki.

A watan Oktoban 2023, kamfanin tsaro na ESET ya bayyana cewa gungun masu kutse na Winter Vivern sun yi amfani da wata ɓaraka a Roundcube wajen satar saƙonnin hukumomin gwamnati a Turai. Sun ɓoye umarninsu ne a hoto nau'in SVG, kuma buɗe saƙon kaɗai ya isa. An toshe ɓarakar cikin 'yan kwanaki, amma duk ma'aikatar da ba ta sabunta manhajarta ba, ƙofarta ta ci gaba da zama a buɗe.

Abin lura a gida

Hukumar NITDA, wadda aka naɗa ɗan asalin Haɗejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya shugabance ta a 2019, ta daɗe tana kira ga ma'aikatu su riƙa amfani da adireshin gov.ng maimakon Gmail ko Yahoo a harkokin hukuma. Hakan na nufin ƙarin ma'aikata za su riƙa shiga akwati ta shafin ma'aikatarsu, mai ɗauke da tambarinta.

Sai dai tambari da launi abu ne mai sauƙin kwaikwayo. 'Yan damfara kan ɗauko rigar shafin gaba ɗaya su kafa na bogi domin karɓar kalmar sirri. Saboda haka adireshin da ke saman burauza ne abin dubawa kafin a rubuta komai, ba kyawun shafin ba. Ga jami'in da ke kula da manhajar kuwa, gyaran tambari ko alama ya kamata a yi shi a riga ta daban, domin sabuntawar tsaro ta shigo ba tare da ta goge aikinsa ba.