Makokin Aboki a Littattafan Yara: Daga Terabithia zuwa Nangijala

A shekarar 1977 marubuciyar nan 'yar Amurka, Katherine Paterson, ta fitar da littafinta Bridge to Terabithia, wanda ya ci lambar Newbery a 1978. Asalinsa rasuwa ce ta gaske. A 1974 tsawa ta faɗa wa ƙawar ɗanta, yarinya 'yar shekara takwas, ta mutu, Paterson kuma ta rasa amsar da za ta ba yaron da ke tambayar dalili. An saba yaba wa littattafai irin wannan da cewa suna koya wa yara mene ne mutuwa. Wannan yabo ya gaza, domin yaro ɗan shekara goma ya riga ya san ana mutuwa. Abin da waɗannan littattafai ke yi shi ne ba da mazauni ga baƙin cikin da jama'a ba ta tanadar wa mazauni ba, musamman na aboki, da kuma jin laifin da ke biye da shi.

Duk al'umma tana da tsarin makoki, kuma tsarin jini da aure yake bi. A ƙasar Hausa ana zuwa gaisuwa wurin iyaye da 'yan'uwa, matar mamaci ta yi takaba, amma yaron da suke zuwa makaranta tare da marigayin, suke raba ƙosai ɗaya, ba a lissafa shi cikin waɗanda aka yi wa rashi. Haka Jess Aarons, yaron da ke cikin littafin Paterson, ya tsinci kansa a karkarar Virginia. Shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'ya biyar na gidan da talauci ya matsa wa, yana son zane amma yana ɓoyewa. Leslie Burke, baƙuwar da ta tsere wa dukan maza a gasar gudu, ita ta ja shi suka ƙirƙiri masarauta mai suna Terabithia a cikin kurmi, wadda ba a shigarta sai an yi lilo da igiya an tsallake rafi. Ranar da malamar kiɗa ta ɗauki Jess zuwa gidajen adana zane a Washington, ya yi tunanin a gayyaci Leslie, ya kuma yi shiru saboda yana son ranar ta zama tasa shi kaɗai. Leslie ta tafi rafin ita ɗaya bayan ruwan sama ya cika shi, igiya ta tsinke, ta mutu. Paterson ba ta nuna mutuwar ba. Mai karatu yana jin labarin ne tare da Jess, bayan ya dawo gida cikin nishaɗi, kuma daga nan littafin ya bi shi ta musu, da fushi, da jefa kayan fentin da Leslie ta ba shi cikin rafin.

A nan ne aikin ƙirƙira yake bayyana. Masarautar ba ta ceci kowa ba, hasali ma hanyar shigarta ce ta yi kisan. Marubucin da ke neman lallashi da ya sa ruhun Leslie ya bayyana a kurmin ya yafe wa abokinta. Paterson ta ƙi. Abin da ya rage wa Jess shi ne dukiyar da su biyu suka tara, wadda babu wani babba da ya san da ita balle ya raba gadonta, sai ya ɗauki katakan da iyayen Leslie suka bari ya gina gada, ya shigar da ƙanwarsa May Belle. Patrick Ness ya ƙara zurfafa wannan aikin na ƙirƙira a littafinsa A Monster Calls na 2011, wanda ya gina kan tunanin da Siobhan Dowd ta bari lokacin da ciwon daji ya kashe ta a 2007. Dodon bishiya yana zuwa wa Conor, yaron da mahaifiyarsa ke jinya, da ƙarfe 12:07 na dare, ya ba shi labarai uku, ya nemi na huɗu daga bakinsa. Na huɗun shi ne abin da yaron ba zai iya faɗa wa kakarsa ko malamansa ba, wato cewa a can cikin zuciyarsa ya so jinyar mahaifiyarsa ta ƙare, ko da ƙarewar na nufin rasa ta. Dodon bai warkar da uwar ba. Ya dai zama wanda za a iya furta wa maganar.

Masu suka suna da hujja, kuma ba duka ce abin yarwa ba. Littafin Paterson yana cikin goman farko na littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu a shekarun 1990, bisa jerin Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka. Wasu iyaye sun ce mutuwa ta yi wa yara nauyi, wasu sun ƙi yadda yaran ke taɓa batun addini da makomar mamaci. Hujjar farko tana ɗauka cewa littafi ne ke kawo wa yaro labarin mutuwa, alhali mutuwar ce ta riga littafin zuwa, kamar yadda tarihin rubuta shi kansa ya nuna. Ta biyun ta fi ƙarfi, domin haƙƙin iyaye ne su koya wa 'ya'yansu aƙida. Sai dai Paterson, wadda aka haifa a Sin ga iyaye 'yan mishan, ba ta kafa wata aƙida a madadin ta kowa ba. Ta nuna yaro yana tsoron makomar ƙawarsa, ya tambayi mahaifinsa, uban da bai iya magana mai taushi ba ya zauna kusa da shi ya amsa gwargwadon iyawarsa. Iyayen da ke son amsar ta fito daga bakinsu sun sami ƙofar fara zancen.

Sukan da ya fi wuyar amsawa ya shafi littafin Astrid Lindgren, 'yar Suwidin, na 1973 a kan 'yan'uwa biyu, Jonatan da Karl. Jonatan ya mutu wajen ceton ƙanensa daga gobara, Karl ya bi shi da rashin lafiya, suka haɗu a wata ƙasa mai suna Nangijala, a ƙarshe kuma suka faɗa daga kan dutse da ganganci don isa wata ƙasar ta gaba. Tun fitowarsa aka yi ta muhawara ko ya ƙawata kashe kai. Masu kare shi sun ce duk abin da ya faru mafarkin yaro ne da ke kan gadon mutuwa, kuma yara marasa lafiya sun sami natsuwa da shi. Ana iya karɓar wannan ga yaron da ke jiran ajali. Ga wanda aka bari a raye kuwa, littafin ya sa duniyar ƙirƙira ta zama wurin da ake bin mamaci, kuma malamin da zai ba ɗalibin da ya rasa aboki abin karantawa yana da dalilin fifita na Paterson, inda Jess ya koma makaranta ya tarar an riga an fitar da teburin Leslie daga aji.