Asalin Tauraron da Indiyawa Ke Kira Malami

Masuncin da ya saba kwana a bakin Matan Fada a Argungu ya san taurarin da ke fitowa bisa ruwa. Ya san Zara matar wata. Ya san wani babba kuma, mai haske kamar ruwan ƙwai, wanda ba ya ƙyaftawa irin na sauran. Malaman hisabi suna kiransa da sunan Larabci, Mushtari. To, a ƙasar Indiya wannan tauraro malami ne, ga kuwa yadda abin ya faro.

A cikin Rigbeda, littafin Hindu mafi tsufa, wanda ya haura shekara 3,000, an ambaci wani wai shi Birihasfati, mai jan addu'a da hadaya a madadin allolinsu. Da tafiya ta yi tafiya sai labaransu suka mai da shi malamin allolin dungum, shi ke ba su shawara in yaƙi ya taso, shi ne kuma tauraron Mushtari a wurinsu. Abokan gabansu, Asura, su ma suka riƙi nasu malamin, Shukura, wato Zara tamu, sai dai a can namiji ne. Malamai biyu ke nan a sama, kowa da almajiransa, ba sa ga maciji.

Suna cewa Birihasfati yana da mata, Tara, ma'anar sunanta tauraruwa. Rannan sai wata, wanda suke kira Candara, ya ɗauke ta, aka yi aka yi ya mayar, ya ƙi. Yaƙi ya ɓarke, har sai da Barahama, ɗaya daga manyan allolinsu, ya shiga tsakani. Tara ta koma ɗakin mijinta da juna biyu, ta haifi ɗa, Budha, wato ƙaramin tauraron nan da ba ya nisa da rana. Wannan wuri yana ba ni mamaki ƙwarai: mu da su, da duk nisan da ke tsakani, kowa ya dubi sama ya nema wa wata mata cikin taurari.

Da masanansu suka raba kwana bakwai ga taurari, Alhamis ta faɗo wa Birihasfati, shi ya sa suke ce mata Guruwar, ranar malami. Masu girmama shi sukan sa tufafi rawaya ran nan, su yi azumi, su zuba wa bishiyar ayaba ruwa. Mu kuwa Alhamis ƙidaya ce ta Larabci, rana ta biyar, ita ta ba mu Lami da Ɗanlami, ita ce kuma ranar da almajirai ke jingine allo, malam ya huta.

Mushtari yakan yi kusan shekara 12 kafin ya zagaye rana. Da wannan tafiya tasa Hindu ke ƙidaya lokacin Kumba Mela, taron wanka a kogunansu masu tsarki, irin wanda aka yi a Farayagaraj a 2025, inda kogin Ganga ya haɗu da Yamuna.