Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tarihin Lalurori Uku na Ƙwaƙwalwa

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe kafin su rarrabe lalurar otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga, da taɓin hankali irin wanda kan sa mutum jin muryoyi ko sakankancewa da abin da babu shi.

Asalin ruɗanin daga suna ne. A cikin 1911 Eugen Bleuler, shugaban wani asibitin masu taɓin hankali a birnin Zurik, ya wallafa littafinsa a kan ciwon da ya raɗa wa suna sikizofireniya. Ya lura majiyyatansa sukan janye jiki daga mutane, su shige duniyar tunaninsu. Wannan hali ya kira otizim. A 1943 sai Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ba da labarin yara 11 waɗanda tun suna goye ba su damu da cuɗanya ba, ba su kuma son a sauya musu abin da suka saba, ya ari kalmar Bleuler ya laƙaba musu. Shi kansa ya nuna bambancin: mai sikizofireniya ya zauna da mutane kafin ya janye, yaran nan kuwa da haka suka zo duniya. Duk da haka aka ci gaba da lissafa irinsu cikin masu taɓin hankalin ƙuruciya.

Sai a 1971 Israel Kolvin a Ingila ya gwada yaran da lalurarsu ta bayyana kafin shekara uku da waɗanda tasu ta bayyana bayan sun tasa. Ya tarar jin muryoyi na kashi na biyu ne, kuma a danginsu aka fi samun sikizofireniya. A 1980 littafin da likitocin Amurka ke bi wajen gane lalurori ya raba su gaba ɗaya.

Cikin wannan littafi kuma aka ba lalura ta uku sunanta, watau ƙarancin natsuwa. George Still ya bayyana ta a birnin Landan tun 1902, kana a 1937 Charles Bradley ya ga maganin amfetamin yana natsar da yara masu ƙiriniya. An daɗe ana zaton yara kaɗai take kamawa, alhali kuwa takan bi mutum har girma.

To, amma binciken gado ya nuna akwai zumunci tsakaninsu. A 2013 mujallar Lancet ta buga sakamakon da ya nuna wasu ƙwayoyin halitta suna da hannu cikin lalurori biyar, har da waɗannan uku. An kuma gano baligai masu otizim ko ƙarancin natsuwa sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da taɓin hankali, ko da yake akasarinsu ba ya taɓa samunsu. Magani ma yana da nasa: wani bincike na 2019 a Amurka, a kan matasa fiye da 220,000 masu shan magungunan natsuwa, ya samu kimanin ɗaya cikin 660 hankalinsa ya taɓu, gama magungunan suna ƙara sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa.

Abin bai tsaya a littattafai ba. Magidancin da ba ya haɗa ido da mutane, yana magana shi kaɗai, ana iya ɗora shi bisa magunguna masu nauyi shekara da shekaru, alhali halinsa ne tun yarinta. Wani kuma ana iya kau da kai daga sabon ciwon da ya same shi, a ce ai da ma haka yake. Shi ya sa gwanin likita kan nemi uwa ko yaya, ko wanda ya yi renon majiyyacin, ya tambaye shi: tun yaushe?